Bushin biyu da suka ɓace a kan jitar Baffa

4 ga Fabrairu, 2024

Yau na sauko da jitar Baffa daga saman kabad, na buɗe akwatinta, na ƙudurta a raina cewa ba za ta koma can ba sai ta gyaru. Jitar bes ce, wato mai kaurin murya, mai tsirkiya huɗu, ƙirar Japan ta shekarun 1970, cikin waɗanda aka kwaikwayi fasalin Jazz Bass da kamfanin Fender ya fitar a 1960. Sunan da ke goshinta ya goge tun kafin ta zo hannuna. Abin da ya rage shi ne farantin ƙarfen da ke bayan gindin wuya, inda aka buga cewa a Japan aka yi ta, kuma akwai sandar ƙarfe cikin wuyan da ake saitawa. Masu bin diddigin tsofaffin jitocin Japan suna danganta irin wannan faranti da masana'antar Matsumoku ta garin Matsumoto, wadda ta daɗe tana ƙera akwatunan katako na keken ɗinkin Singer kafin ta shahara da kayan kiɗa, ta kuma rufe a 1987. Ke nan babu ƙofar da zan ƙwanƙwasa in ce a ba ni kayan gyara.

Ga inda ciwon yake. A kan jitar, wato katakon da ke can ƙarshen wuyanta, akwai mamurɗai huɗu na ɗaure tsirkiya, kowace tsirkiya da nata. Kowane mamurɗi yana da kunnen da ake murzawa, da giya mai haƙora a baya, da turke wanda ya ratsa katako ya ɓullo ta gaba, a jikinsa tsirkiya ke naɗuwa. Ramin da turken ke bi ya fi shi faɗi, shi ya sa ake cusa wani gajeren bututun ƙarfe mai leɓe a bakin ramin don ya riƙe turken a miƙe. Shi ne bushin, sunansa ɗaya da wanda makanikai ke canjawa a ƙafar mota, aikinsu ma kusan ɗaya ne.

Tsirkiyoyin huɗu ana kiransu E, A, D da G. Bushin na E da na A suna nan, na asali. Na G babu shi sam, rami ne kawai da turke yana lilo a ciki. Na D kuwa wani baƙon bushin ne ƙarami da aka nannaɗe da baƙin tef aka tura, tef ɗin ya narke ya zama danƙo.

Wanda bai sani ba zai ce ado ne kawai. Amma tsawon tsirkiyar wannan jita daga inda ta dogara a ƙarshen wuya zuwa gadar da ta hau a gangar jiki inci 34 ne, kuma kowace ɗaya idan ta hau saiti tana jan turkenta da nauyin da ya kai wajen kilo 20. Turken da ba shi da majingina sai ya sunkuya wajen gangar jikin jitar, giyar da ke bayansa ta karkace, haƙoranta su riƙa cin juna ta gefe. Abin da ya sa kunnen D yake da tauri kamar an ɗaure shi, G kuma ba ta zama a saiti ko na waƙa ɗaya.

6 ga Fabrairu

Na sauke tsirkiyoyi, na kwance mamurɗai huɗun, kowanne da sukurorinsa a leda daban, na rubuta harafinsa a jiki. Sukurorin sun shekara kusan 50 a ramukansu, kowanne ya saba da nasa, ba na so in haɗa su.

Dole in ciro ɗaya daga cikin na asali don in samu abin kwatance, na zaɓi na A. Da farko na bi gefen leɓensa da bakin reza a hankali, na yanke fentin da ya manne da shi, don idan ba a yi haka ba yana tasowa zai ɓamɓaro fenti ya tafi da shi. Sannan na huda wani guntun katako rami mai faɗin da ya wuce leɓen, na kifa shi a gaba, na sa sandar katako ta baya, na haɗa duka da matsi ina murzawa kaɗan-kaɗan. Ban taɓa guduma ba. Ya yi wata 'yar ƙara ƙas, ya fito lafiya.

Maganaɗisu bai kama shi ba. Na ɗan karce ƙarƙashin leɓen inda ido ba ya gani, sai launin ɗorawa ya bayyana: tagulla ce aka yi wa wankan nikel. A jikinsa akwai ƙananan haƙora a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, su ne ke nutsewa cikin katako su hana shi juyawa.

Na auna komai sau uku da ma'aunin kauri, duk a milimita. Turke 11.95. Cikin bushin 12.10. Jikinsa inda babu haƙora 15.2, a kan haƙora 15.6. Tsawonsa daga ƙarƙashin leɓe 9. Faɗin leɓe 20, kaurinsa 1.5, kafaɗarsa a zagaye take, ba ta da kaifi. Kaurin katakon kan jitar 15.

Ramukan ne suka tsayar da ni. Na A a zagaye yake tsaf, 15.45 ta ko'ina, da sawun haƙora a bangonsa. Na G kuwa 15.50 idan ka auna ta tsawon jijiyar katako, 15.25 idan ka gitta ta. Na yi zaton hannuna ne ya karkace, na sake aunawa, haka dai. Da na zauna na yi tunani sai abin ya fito fili. Katako idan yana bushewa ya fi tsukewa ta faɗi nesa ba kusa ba, ta tsawon jijiya kuwa da ƙyar yake motsi. Ramin da ke da ƙarfe a ciki ƙarfen ya riƙe shi, wanda aka bari fayau shekara da shekaru ya matse ta gefe biyu ya zama kamar ƙwai. Na D ya fi muni: 15.9 a gicciye, 16.4 a tsaye, kuma duk ƙarin yana gefen da tsirkiya ke ja, inda baƙon bushin ɗin ya yi ta tauna bango.

Rami huɗu da bakin injin huda ɗaya ya yi su a rana ɗaya, yau kowanne da nasa awo.

11 ga Fabrairu

Kwana biyar ina bincike a intanet. Abin da ake sayarwa sabo kusan gida biyu ne. Akwai na ƙananan mamurɗan zamani, masu shiga ramin milimita 14, ko 9/16 na inci, wato 14.29. Akwai na manyan mamurɗai irin na Fender, masu ramin 11/16 na inci, wato 17.46. Tawa ta faɗa tsakani, na farko zai zurma, na biyu ba zai ko leƙa ba.

Tsofaffi kuma ga dalilin da ya sa suke wuya. Idan mutum ya kwance mamurɗai daga tsohuwar jita zai sayar, bushin yana maƙale a katako, sai ya tafi tare da wuyan, mamurɗan su tafi wani wajen su kaɗai. Wanda kuma ya yi sa'ar samun saiti cikakke ba zai raba shi ya sayar maka da biyu ba, don ya san ragowar ta faɗi daraja.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda masu sayarwa ke rubuta lamba ɗaya tak, ba su faɗi ko faɗin rami suke nufi, ko jikin bushin, ko kan haƙora. Na samu wani saiti da aka rubuta 16 a kai, aka ce na tsofaffin jitocin Japan ne. Na yi oda, ko na D kaɗai ya samu shiga an rage aiki.

25 ga Fabrairu

Sun iso. Jiki 15.9, kan haƙora 16.3, ciki 12.7. Da na ga 12.7 na gane komai: rabin inci ke nan cif, 15.9 ɗin kuma 5/8 na inci ne aka cike shi zuwa 16 a rubuce. An yi su ne don turken da ya fi nawa kauri. Na zura turke na girgiza, yana kaɗawa kamar cokali a kofi, tazarar ta kai milimita 0.75. Ga shi kuma wankan kurom aka yi musu, farinsu yana ɗaukar shuɗi-shuɗi, na asali kuwa nikel ne da ya tsufa ya koma ruwan zuma-zuma. Ko da sun shiga, daga nesa za a gane baƙi ne.

Da yamma na kai wa wani abokina da ke gyaran kayan kiɗa. Ya juya kan jitar a hannunsa, ya ce, "Mutumina, kana wahalar da kanka. Kawo in buɗe ramukan nan huɗu zuwa 17.5, mu sa sababbin mamurɗai, kafin dare ka tafi da ita tana kiɗa. Duk ranar da wani abu ya lalace kuma, kayansu na nan ko'ina."

Maganarsa ba ta banza ba ce, na kuma daɗe ina juya ta. Sababbin za su fi laushin murzawa, wannan gaskiya ne. Amma farantansu ba za su hau ramukan sukurori na da ba, sai an yi sababbin huji 16 a bayan kan, tsofaffin su zauna a waje ana kallo. Ramukan turke huɗun kuma a jere suke kusa da gefe, kan layin jijiya ɗaya, duk milimitar da aka ƙwaƙule an rage naman da ke hana kan tsagewa. Mamurɗan da ke kai kuma lafiyarsu ƙalau, abin da suka rasa majingina ce kawai.

Na ce masa, "Abokina, ƙarfe idan an ɓata shi a fiƙe wani. Katakon nan idan aka kankare shi, wa zai mayar?" Ya yi shiru, sannan ya ce to in nemi mai injin fiƙe ƙarfe, ya kuma ba ni guntayen katakon mepul, irin na wuyan jitar, in yi gwaji da su. Wannan kyautar ta fi komai amfani a aikin nan zuwa yanzu.

2 ga Maris

Na zana bushin a takarda, ta gefe da ta sama, na rubuta awo a kowane sashe. Biyu nake buƙata, D da G. Na E zai zauna a inda yake, na A kuma ya koma raminsa.

9 ga Maris

Na samu mai injin. Dattijo ne da ya tsufa yana fiƙe bushin na famfunan ruwa da injinan niƙa. Na gaishe shi, na miƙa masa takarda da na asalin. Ya ɗaga shi sama ya kalla ta cikin ramin, ya shafa haƙoran da babban yatsa.

"Ɗana, cikin me zai zauna?"

"Cikin katako, Malam. Tsohon katako."

"To ka zo da sabon abu. Ni duk abin da na taɓa matsawa cikin ƙarfe ne. Ƙarfe idan ka matsa masa ya yi maka gardama. Katako ba zai yi gardama ba, sai dai ya fashe."

Ya ɗauko sandar tagulla, ya ce wannan ita ce mai daɗin yanka, C360, jan ƙarfe ya ɗan haura kashi 60 cikin ɗari, sauran tutiya da ɗan dalma kamar kashi 3, dalmar ce ke sa ta karyewa ƙanana-ƙanana a bakin wuƙa maimakon ta yi ta naɗe-naɗe. Ya nuna mini tayoyin buga haƙora iri biyu da yake da su, mai zanen giciye irin na hannun kayan aiki, da mai layi a tsaye. Na zaɓi na tsaye. Mai giciye idan ana tura shi cikin rami yankan katako yake kamar magagari, ya bar gari a bayansa, ya zauna sakwa-sakwa. Na tsaye kuwa hanya yake tsagawa ya bi ta, kamar dai na asalin.

Na tsaya ina kallo ya fiƙe guda biyu na gwaji. Kafaɗar leɓen da hannu ya fitar da ita, da ƙaramin magagari, injin na juyawa, yana ɗora na asalin kusa yana kwatantawa da ido. Da ya gama na ajiye su gefe da gefe, in ban da launi ba ka bambanta su.

10 ga Maris

Na huda guntun mepul da baki mai 15.5, kusa da gefe kamar yadda yake a jitar, na fara tura na gwaji da matsi. Ya shiga kamar milimita 4, sai na ji tas. Katakon ya tsage daga bakin ramin har ƙarshensa, tsagar ta bi jijiya ta miƙe.

Na daɗe zaune da guntun a hannuna, gabana na faɗuwa, don a daren jiya na yi niyyar gwada shi kai tsaye a ramin G.

Na auna kan haƙoran: 15.95. Laifin takardata ne. Na rubuta 15.6 ban ce bayan an buga haƙora ba. Malam ya fiƙe jikin zuwa 15.6 sannan ya buga, tayar kuwa ba yanka take ba, danna ƙarfe take ya kumburo ta gefe, sai faɗin ya ƙaru. Kusan rabin milimita fiye da ramin, katako ba zai ɗauka ba.

16 ga Maris

Na koma da tsagaggen guntun na nuna masa. Ya karɓa ya duba tsagar, ya ce, "Gara da ka kawo shi, ɗana, gani ya kori ji." Muka sake shiri. A fiƙe jiki zuwa 15.3, a buga haƙora su taso, sannan a bi kansu da wuƙa sama-sama a sauko da su daidai awon da ake so, kaifinsu ma ya ɗan mutu. Haƙoran su tsaya a milimita 6 na sama, milimita 3 na ƙasa su zauna sumul da ɗan gangare a baki, don bushin ya fara samun hanya ya miƙe kafin ya soma cizo.

Na gwada masu kauri uku a sabon guntu mai ramin 15.5. Mai 15.55 ya shiga da sauƙi, amma na tura shi ta baya da yatsa ya fito. Mai 15.65 ya shiga da nauyi mai daɗi, ya zauna daram, babu ko alamar tsaga. Mai 15.75 ya shiga, sai dai na ga wani siririn layi fari ya fito a bakin ramin. Ke nan abin da wannan katako ke so shi ne haƙora su fi rami da kamar 0.15, kada su kai 0.25. Na asalin ma haka yake, 15.6 a ramin 15.45. Waɗanda suka yi jitar sun riga ni sanin wannan lissafi.

19 ga Maris

Ramin D. Na wanke danƙon tef da ɗan tsumma da kananzir kaɗan, na bar shi ya bushe kwana biyu. Hanyar da aka saba ita ce a toshe ramin gaba ɗaya da katako a sake hudawa, amma sai an fara faɗaɗa shi ya zama zagayayye kafin toshi ya zauna, wato dai a ƙara cin katakon da nake karewa. Na ƙi.

Na yanko siririn ɓawon mepul mai kaurin 0.6, na jiƙa shi da ruwan zafi, na naɗe shi a jikin sanda ya kwana ya ɗauki lanƙwasa. Na yanke shi ya rufe kusan rabin bangon ramin, gefen da aka cinye, na fiƙe ƙarshensa biyu suka yi siriri kamar jinjirin wata. Da gam na fata na manna shi, wanda ake narkawa da ɗumi, saboda wanda zai zo bayana idan ya ga ban yi daidai ba, zafi da laima kawai zai sa ya cire ba tare da ya ji wa jitar ciwo ba. Na shafa wa wata sanda kakin kyandir na cusa ta matse ɓawon har gam ya kama.

Yau na zare sandar. Ramin ya koma 15.8 a tsaye, 15.9 a gicciye. Na ɗora mamurɗin ta baya a kan ramukan sukurorinsa, na leƙa ta gaba, turken ya fito a tsakiya. Wannan shi ne abin da na fi tsoro, don da bushin ya zauna a karkace da farantin baya, turken zai riƙa gogar gefe ɗaya har abada. Leɓe mai faɗin 20 zai rufe facin, ba mai gani.

23 ga Maris

An fiƙe na gaske. Na D 16.0 a kan haƙora. Ciki 12.15, an bar wa wankan nikel wuri.

Na G ne ya hana ni barci kwanakin nan. Ramin ƙwai ne, 15.50 da 15.25. Idan na yi bushin daidai da faɗin tsaye, zai fi gicciyen da 0.4, kuma matsin gicciye shi ne ainihin mai tsaga katako, shi ke ɓare jijiyoyi daga juna kamar yadda gatari ke yi wa itace. Idan na yi shi daidai da gicciyen, zai bar sarari a gefen da tsirkiya ke ja, inda ake buƙatar majinginar. Abokina ya ce in ɗan goge gefen ramin biyu da samfefa ya zagaye, abin bai fi kaurin takarda uku ba.

Malam ne ya warware. Ya ce, "Me zai hana mu yi wa ƙwai ƙwai?" Ya fiƙe shi 15.62, ya ɗaure a matsi tsakanin katako biyu, ya bi haƙoran gefe biyu masu kallon juna da lallausan magagari, yana yi yana aunawa, har suka sauko 15.38. Sauran gefe biyun bai taɓa ba. Ya buga ɗan ɗigo a ƙarƙashin leɓe ya nuna gefen da zai kalli gangar jikin jitar. Ban taɓa jin daɗin ganin aikin hannu kamar na wannan rabin awar ba. Mutumin da bai taɓa riƙe jita ba ya fahimci katakonta fiye da ni.

Na roƙe shi ya ƙara guda biyu a kan awon na asali, 15.6, saboda wata rana.

30 ga Maris

Na goge fuskokinsu da samfefa mai lamba 600, sannan 1200, sannan man goge ƙarfe, don wanka ba ya ɓoye karce, ƙara fito da shi yake. Na kai wa masu wankan ƙarfe, na nanata musu nikel kaɗai, kada a ɗora kurom a kai, kuma kada ya yi kauri.

12 ga Afrilu

Sun dawo fes. Faɗin waje ya ƙaru da 0.02 zuwa 0.03, wanda bai fita daga lissafi ba. Amma turke ya ƙi wucewa ta bakin na D. Na duba, can ciki awon bai canja ba sosai, a bakin ne nikel ya taru, saboda wutar da ke ɗora shi ta fi taruwa a kan gefuna da kusurwoyi, ba ta cika shiga lungu ba. Na naɗe samfefa a sanda na juya a bakin sau kaɗan, turken ya wuce sumul, yana juyawa ba ya kaɗawa.

Suna ƙyalli fiye da tsofaffin, ba shakka. Akwai masu turara sabon nikel da tururin asid don ya dusashe ya yi kamar ya shekara 50. Na karanta yadda ake yi, na ajiye. Ba na so su yi ƙaryar shekaru. Gumin hannu da iska za su yi musu abin da suka yi wa 'yan'uwansu, wanda ya duba kuma ya san an yi gyara a nan.

14 ga Afrilu

Ranar sakawa. Na samo doguwar kusa mai zare ta milimita 10 da notinta da manyan wosha biyu. Ta gaba: wosha, fatar da za ta kare nikel, sannan bushin. Ta baya: guntun katako mai laushi a kan fenti, wosha, noti. Idan ana ɗaure notin, bushin na shiga a miƙe, kuma hannu yana jin nauyin da katako ke ɗauka, abin da guduma ba za ta taɓa gaya maka ba. Ban sa gam ko ɗigo ba.

Na fara da na A. Na ɗora shi a bakin raminsa ina juyawa da yatsa har na ji haƙoransa sun faɗa tsofaffin sawunsu, ya koma gida ba gardama. Na D ya bi, ina yin rubu'in murɗa in tsaya in duba facin, bai motsa ba.

Na G na bari ƙarshe. Na duba ɗigon sau biyu, na saita shi, na kashe fanka don in ji duk ƙarar da katako zai yi. Rubu'i, tsaya. Rubu'i, tsaya. Na ƙirga goma sha tara kafin leɓen ya kwanta a kan fenti. Na haska tocila ta gefe ina neman farin layi, babu.

15 ga Afrilu

Na wanke giyoyin daga tsohon giris da ya daskare, na sa sabo kaɗan, na mayar da kowane mamurɗi da sukurorinsa. Wajen naɗa tsirkiya na bar tsawon da zai yi zagaye uku, kowane zagaye yana sauka ƙasan na baya, na ƙarshe ya fita dab da bushin. Idan tsirkiya ta bar turke daga can sama, jan nata ya fi ƙarfin sunkuyar da shi, kamar mai jan reshe ta ƙarshensa.

Na hau saiti, E, A, D, G. Na ɗora ƙaramin sukwaya kusa da kowane turke, huɗun a tsaye suke. Kunnen G ya yi laushi, tsirkiyar ta zauna inda na ajiye ta. Na D ya saki ƙwarai, sai dai akwai wuri ɗaya a zagayen giyarsa da yake ɗan yin fanko kafin ya kama, haƙora uku ne da suka cinye a shekarun da turken ya yi a karkace. Idan na hau saiti daga ƙasa zuwa sama ba ya zamewa, don haka na bar shi.

6 ga Mayu

Mako uku tsirkiyoyi na kai. Na gwada zura takarda ƙarƙashin leɓen D da na G, ta ƙi shiga, ba su taso ba. Babu tsaga a gaba ko a baya. Guda biyun da suka rage na sa su a ƙaramar leda tare da takardar awo, wadda na gyara na rubuta "bayan an buga haƙora" da manyan baƙaƙe, na ajiye a aljihun akwatin.

Jiya na kai wa Baffa. Ya ɗora ta a cinya, bai taɓa tsirkiya ba tukun, ya kai hannu kan jitar yana shafa sababbin biyun da yatsa.

"Ɗana, waɗannan a ina ka samo?"

"Yin su aka yi, Baffa."

Ya ce na D ɗin a wani dare ya faɗi ana tsakiyar wasa, aka haska fitila aka nema ba a gani ba, washegari ya ciro na wata matacciyar jita ya naɗe da tef da niyyar mako ɗaya. Na G kuma bai ma san ranar da ya tafi ba. Ya sassauta G har ta yi laƙwas, ya sake hawa da ita a hankali yana kasa kunne, ya tsaya, ya buga ta tare da D. Sannan ya ce in miƙo masa waya in kunna amfilifaya, kuma in bar masa ita zuwa ƙarshen wata.